Tokar Akumari

Ga wata nan tafe gare ku. In kun ji ɗaci a cikinta, ba ni na zuba maɗaci ba, haka na same ta.

A shekarar da gadar Gangare ta karye, babu dabbar da ta ga da daɗi a dajin nan. Rijiyoyi sun ƙafe, kwaɗi sun koma bin inuwar randa. Asibitin daji babu kowa a ciki sai jemagu da wata tsohuwar bushiya mai gadi, duk wanda ya zo da ciwo ta ce masa ya sha sabara ya yi haƙuri. Hatsi ya yi tsadar da ɓera kan shiga rumbu ya fito yana hamma.

A shekarar ce Duna ya rasu. Baƙin jaki ne mai faɗin ƙirji, mijin wata farar jaka da ake kira Akaza. Tun da gada ta karye, ta cikin laka jakai suke ratsawa da kaya a baya. Ranar wata kasuwa Duna ya shiga da mangalar gishiri, laka ta riƙe shi har ciki. Ya yi ta kokawa har ya fita, bai yarda gishirin da aka ba shi amana ya taɓa ƙasa ba. Ya iso gida da ƙafarsa. Akaza ta kawo masa dusa, ya shinshina ya bari. Ya ce mata, "Ba komai, bayan ne kawai ya ɗan yi nauyi." Washegari kafin la'asar ya cika.

Jakai suna da wata al'ada wadda sauran dabbobi ba su san kanta ba. Akwai wani tudu a gabas da gari, Tudun Masauki, nan suke binne nasu tun kaka da kakanni. In an binne jaki, sai a ɗauko akumarinsa, wato tsumman nan da ake shimfiɗa masa a baya kafin a ɗora kaya, a ƙone a kan kabarin. Tokar ba mai taɓa ta. Sai matarsa ta fita takaba, ta zo ta kwanta a ciki ta yi birgima, ta tashi da tokar a gadon bayanta. Shi ne sauke wa mamaci kaya. Jakai sun ce wanda ba a yi wa haka ba, da kayansa yake kwance, da su kuma zai tashi. Dole ne a yi kafin ruwan farko, don in ruwa ya wanke toka babu sauran abin da za a kwasa. Bayan wannan, duk jakin da ya bi ta tudun yakan ratse ya ɗan yi birgima a wurin nasa, kamar yadda ake leƙa dangi a gaisa. Shi ya sa za ku ji ana yi musu dariya, wai jaki ba ya wuce toka. Masu dariyar ba su taɓa tambaya ba, tokar ta wa ce.

An binne Duna a ƙwanƙolin tudun, tsakanin wata tsohuwar aduwa da suri. Shi ya zaɓi wurin tun yana da rai. Nan yakan tsaya ya sha iska in sun dawo daga kasuwa, yana tsintar 'ya'yan aduwa yana turo wa Akaza da hanci, yana cewa shi ba ya son zaƙi, alhali ƙarya yake yi.

Akaza na cikin takaba Sarki Zaki Gagarau ya tafi ziyara Dajin Yamma. A can aka kai shi wani filin wasa mai benci hawa-hawa har kusa da gajimare, barewa na tsere, birai na buga ƙwallo, jama'a na ihu. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Da gari ya waye ya sa aka tara majalisa.

"Na ga abin kunya," in ji Zaki. "Dajin Yamma, waɗanda jiya-jiyan nan muke ba su aron gishiri, suna da filin wasa. Mu me muke da shi?"

Wani tsohon kunkuru ya leƙo da kai. "Muna da karyayyar gada, ranka ya daɗe."

Aka ce bai nemi izinin magana ba. Ya mai da kansa cikin ƙoƙo, a nan ya ƙarasa zaman.

Sai Kura Burungu ta miƙe. Ita ce Ministar Ƙasa da Filaye, kuma tun da aka ba ta wannan kujera wuyanta ya ɓace cikin kafaɗu. Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Masu ƙorafi suna cewa ƙishirwa, ƙishirwa. Ni kuwa na yi bincike, na gano ƙishirwa ba a maƙogwaro take ba, a zaman banza take. Dabbar da ke kallon tsere ba ta tuna ruwa. Matasanmu filin wasa suke buƙata, mu kuma wannan gwamnati ta matasa ce. Za mu gina wanda babu irinsa daga nan har bakin teku."

Ƙadangarun majalisa suka gyaɗa kai. Da ma da gyaɗa kai suka shigo.

Saura wuri. Fadama ba ta taɓuwa, don gonakin manya ne a can. Tudun Masauki shi ne a sarari, ga iska, ga hanya. Sai dai akwai doka tun zamanin kakan Zaki, cewa ƙasar daji kowace da matsayinta: wata gona ce, wata makiyaya, wata makwanta. Makwanta kuwa ba a gini a kanta. Kura ta ce wannan ba matsala ba ce, a aika Hawainiya ta dubo ko ƙasar tana nan a matsayinta, ko ta sauya ba a sani ba.

Hawainiya ita ce shugabar masu awon ƙasa. Ido ɗaya a kan Sarki yake kullum, ɗayan a kan Kura. Ta hau tudun da tafiyarta ta jan aji, ta tarar da jakai kwance nan da can, ƙafafu a sama, ƙura na tashi. Ta tsaya kusa da wata tsohuwar jaka, Gwaggo Jangora, ƙanwar uban Duna, wadda ta zo gai da mijinta.

"Sannu Iya. Wasa ake yi ne?"

To jaki ba ya buɗe wa baƙo cikinsa. Ko ƙafarsa ce ta karye, ka tambaye shi, lafiya lau zai ce maka. Balle a ce tsohuwa ta tsaya gaban wata mai muƙami ta ce mijina nake tunawa. Gwaggo ta kakkaɓe jiki, ta sunkuyar da kai, ta ce, "To, ɗan abin da ba a rasa ba, ranki ya daɗe."

Wannan ɗan abin da ba a rasa ba, shi ya ci tudun.

Hawainiya ta koma majalisa ta ce, "Na gani da idanuna duka biyun, waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a kan abu ɗaya ba. Wurin nan ba makwanta ba ne. Jakai ne ke wasa a kai, manya da yara, kuma na tambayi dattijuwarsu ta tabbatar. Filin wasa ne tun fil azal. Mu ba ƙwace za mu yi ba, suna kawai za mu raɗa masa." Tana magana tana rikiɗa, ta fara da ruwan ƙasa ta gama da kore shar.

Cikin 'yan kwanaki aka kewaye tudun da langa-langa, aka zuba karnuka a ƙofa. Akaza tana ɗaki ta jiyo ganguna daga gabas. Aka ce mata Sarki ne ya je aza harsashi, har an kafa masa rumfar kwano don kada rana ta taɓa shi. Sai bayan an gama wannan duka aka yi shelar cewa za a zauna a ji ra'ayin jama'a.

Akaza ta tashi ta nufi ƙofa. Gwaggo Jangora ta tare ta.

"Ke, ina za ki? Takaba fa kike yi."

"Gwaggo, takabar don wa nake yin ta?"

Gwaggo ta ce, "Tsaya in raka ki. Bakina ne ya ƙulla, bari ƙafata ta warware."

Sun tarar da fada a cike. Jakai can baya a rana, manya a inuwa. Wanda ke tsaye yana magana shi ne Goho, wakilin jakai a majalisa. Goho ya daɗe rabonsa da ɗaukar kaya, har gashi ya rufe tabon bayansa. Da sirdi yake yawo irin na dawaki, in zai yi kuka ma sai ya matse murya ko ta fito kamar haniniya.

"A madadin ɗaukacin jakai, maza da mata, na gida da na waje," in ji Goho, "muna godiya ga wannan gwamnati mai adalci da ta tuna da mu. Ba a taɓa kawo aikin raya ƙasa unguwarmu ba sai yanzu."

Kura ta ce, "Wakili, don a rufe bakin 'yan adawa, faɗa wa jama'a. Birgimar nan taku, wasa ce ko ba wasa ba ce?"

Goho ya dubi dawakin da ke zaune kusa da shi, suna kallonsa ta gefen ido. Ya gyara sirdi. "Motsa jiki ne, ranki ya daɗe. Mu jakai tun asali 'yan wasan motsa jiki ne."

Aka yi tafi. Cikin tafin Akaza ta ratso ta tsakiyar jama'a har gaba. Ba ta taɓa magana a taro ba, muryarta ma sai da ta nemo ta.

"Ranki ya daɗe, ba wasa ba ne. Kaburbura ne. Mai gidana yana can, ko tokarsa ban kwasa ba. Ni ba fili nake nema ba. A bar ni in na fita takaba in shiga sau ɗaya, in sauke masa kaya, in fito."

Kura ta kwantar da kai irin na mai tausayi. "Ayya, baiwar Allah. Allah ya ji ƙansa, in da shi. Wa aka binne? Faɗi sunansa majalisa ta ji."

Akaza ta buɗe baki, ta rufe. Tun ranar da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kiran sunan nan ba. Ko wani mai irin sunan ne ya zo wucewa, sai dai ta ce mai sunan malam. Ga surukai tsaye a baya, ga duk gari.

"Shi," in ji ta. "Mai gidan."

"Shi wa? Kowa ma shi ne. Sarki ma shi ne, Allah ya ja zamaninsa." Aka fashe da dariya. Gwaggo Jangora ta ɗaga murya daga baya za ta faɗi sunan, aka ce mata ba ita ke da magana ba, kuma ai an riga an ji nata bayanin tun a kan tudu. Kura ta juya wajen majalisa. "Kun gani ko? Mamaci ba suna, kabari ba shaida. Amma mu gwamnati ce mai jin ƙai, ba za mu bar jakai haka ba, za a ba su diyya. Duk yashi da dutsen da za a yi aikin nan da shi, jakai ne kaɗai za su ɗauko. Ba za mu ba kowa wannan dama ba."

Goho ne ya fara tafi. Zaki ya yi hamma, aka tashi.

Sai igiyar awo ta shiga tudun. Ai an ce ba a ba kura ajiyar nama, to balle a ba ta wuƙa ta raba. Aka ce filin wasa ba ya yiwuwa sai da masaukin baƙi, aka yanki gabas, Kura ta riƙe amana, ta tare a ciki. Aka ce baƙi za su so sayayya, aka yanki kudu aka jera shaguna, suka faɗa hannun ƙannen Kura. Hawainiya ta ce masu awo suna buƙatar wurin ajiye igiya, ta yanki arewa ta gina bene. Ƙadangaru kowa ya samu fuloti gwargwadon gyaɗa kansa. Goho ma an ba shi wani ɗan lungu a bayan madafin Kura, inda ake zubar da ƙashi, ya yi ta yawo yana cewa yanzu shi maƙwabcin Minista ne. Duk yankan da aka yi, sai Hawainiya ta hau kai ta rikiɗa, a ce ƙasar ta sauya matsayi. Abin da ya rage wa filin wasa a tsakiya bai fi masussuka ba. Kwanon da aka sayo don rufe wajen 'yan kallo ya bi ta kan benen Hawainiya. Simintin daɓe ya bi ta falon Kura.

Ranar da Akaza ta fita takaba ko wanka ba ta tsaya yi ba. Ta karɓi mangalar yashi ta shiga layin 'yan diyya, ko Allah zai sa ta samu shiga. A bakin ƙofa wani kare ya ce, "Juye nan."

"Ɗan'uwa, ciki zan kai."

"Ɗan'uwanki yana kasuwa. Juye nan, birai ne ke shiga da shi."

Ta juye. Ta koma ta sake ɗaukowa, ta sake juyewa. Ta yi ta leƙe ta tsagar langa-langa, ba ta hango kan aduwar ba. Ta tari Goho a hanya ta gaishe shi har ƙasa.

"Yaya Goho, tare kuka yi ƙuruciya da shi. Ka yi mini hanya."

Goho ya dubi hagu ya dubi dama. "Akaza, ki rufa mini asiri. An sare aduwar, an baje komai. Ki ɗauka kin yi a zuci. Zamani ya wuce wajen toka."

Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas. Duk daji murna ake yi, kwaɗi har da guɗa. Akaza tana kan hanya da yashi a baya ɗigon farko ya faɗo mata a kunne. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yashin ya jiƙe ya ninka nauyi, ba ta motsa ba. Tana kallon jan ruwan da ke gangarowa daga tudun yana bi ta tsakanin ƙafafunta, tana duba ko za ta ga fari-fari a ciki. Sai da Gwaggo ta zo ta ture mangalar ta ja ta gida.

Tun daga ranar Akaza ta koma tafiya a duƙe. Ko babu komai a bayanta, in ka hango ta sai ka rantse gishiri ta ɗauko.

Da kaka ta yi aka sa ranar buɗe fili. Zaki ya gayyato Toron Giwa, sarkin Dajin Yamma, don ya zo ya ga yadda ake abu. Ana saura kwana kaɗan aka gwada wasannin. Barewa ta tsaya a bakin layi, aka busa usur, ta yi tsalle ɗaya ta tsinci kanta a cikin shagon ƙanen Kura. Aka kawo birai su buga ƙwallo. Duk bugun da aka yi sai ƙwallo ta faɗa gidan Minista, abin da ya faɗa gidan Minista kuwa ba ya dawowa. Hankalin majalisa ya tashi.

Kura ta ce, "Ku kwantar da hankali. Tsere da ƙwallo ai kowa yana da su. Mu wasan gargajiya za mu nuna wa baƙo, wanda saboda shi aka raɗa wa filin suna. Wakili, a tara mana jakai su yi birgima."

Goho ya bi gida-gida. Ya ce duk jakin da bai zo ba, za a cire shi daga cikin masu ɗaukar yashi. Gwaggo ta ce wa Akaza, "Tashi mu je. In ba mu ga komai ba, ma taka ƙasar."

Ranar ta zo. Jama'a ta cika bencin da babu rufi, rana na dukan kowa. Aka shigo da jakai aka jera su a tsakiyar fili. Akaza tana can ƙarshen layi, kanta a ƙasa. Da ta ɗago, sai idonta ya sauka a kan rumfar Sarki, can saman tudu, ita kaɗai ce mai kwano a duk filin, tana nan yadda aka kafa ta tun ranar aza harsashi. An shimfiɗa jar darduma, Zaki na kwance a kai, Toron Giwa a gefensa. Ta hannun dama, inda mai fifita ya ɗora ƙafa, kututturen itace ne. Ta hannun hagu, inda aka jingina tuta, rabin suri ne.

Akaza ta gane wurin.

Zaki ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce wannan rana ta shiga tarihi. Ya ce maƙiya sun ce ba za a iya ba, ga shi an iya. Ya ce gada ma tana nan tafe, an kafa kwamiti. Sannan ya dubi baƙonsa ya ɗaga murya. "Mu a nan muna girmama al'ada. Ba mu hana talaka abin da ya gada. Don haka na ba da umarni, kowane jaki ya yi birgimarsa a inda ya saba yi, yadda kakanninsa suka yi. Duk wanda ya tare shi, da ni yake yi!"

Aka buga tambari. Goho ya kwanta a tsakiyar fili ya ɗaga ƙafafu, sirdi ya karkace. Shi kaɗai.

Sauran jakai suka dubi juna. Jaki ba ya birgima a kan ƙasar da ba kowa nasa a ciki. Gwaggo Jangora ce ta fara juyawa. Ta bi ta gaban benci a hankali, ta fita ta ƙofar gabas, ta tura ƙyauren gidan Kura da goshi, ta wuce har tsakiyar falo, ta ce, "Salamu alaikum, Malam, an daɗe ba a gaisa ba," ta kwanta. Sai layi ya watse. Wasu suka yi kudu, suka shiga shaguna suna ture kanta. Wasu suka yi arewa, ƙarƙashin benen Hawainiya. Wani tsoho ya tarar da uwarsa a ƙarƙashin wurin wankan wani ƙadangare, ya ce masa ya yi haƙuri ya ɗan fito. Babu mai gudu, babu mai ihu. Kowa ya san inda nasa yake, ko da an ɗora masa bene.

Kura ta zabura. "Falona! Karnuka, ku bi ni!" Ta manta a gaban wa take. Hawainiya ta bi ta, tana sauya launi irin wanda ba a taɓa gani ba. Ƙadangaru suka zube daga kujeru, kowa ya nufi fulotinsa. Karnuka suka rarrabu, wasu nan wasu can. Har mai fifita ya yar da mafici, ashe shi ma yana da shago.

Toron Giwa ya bi su da kallo, ya juyo wajen Zaki. "Ashe filin naku faɗi gare shi. Duk waɗancan gidajen a cikinsa suke?"

A lokacin ne Zaki ya lura da wata farar jaka tana hawowa tudun ita kaɗai, a duƙe, kamar mai ɗauke da kaya. Ta iso bakin darduma ta tsaya. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ake yi.

"Ranka ya daɗe, ka ɗan gusa."

Tun da aka kafa dajin nan ba a taɓa jin wanda ya ce wa zaki haka ba.

"Me kika ce?"

"Ka ce kowa ya yi a inda nasa yake. Nawa a nan yake. A kansa kake zaune."

Zaki ya runtse ido, ya tuna ta. "Ke ce mai mamacin da ba shi da suna."

Akaza ta ɗago kai. Surukanta suna can cikin gidajen manya, amma ko da suna nan, ta riga ta gama shawara.

"Duna," in ji ta. Sunan ya fito mata da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake faɗa, yadda na ƙarshen benci zai ji. "Duna ne sunansa. Gishirin da ake zuba maka a nama, shi yake kawowa. Lakar gadarka ce ta kashe shi. Yana nan kwance da kayansa, kai kuma ka hau kai ka ƙara masa. Ka gusa in sauke masa."

Zaki ya waiga dama, babu Kura. Ya waiga hagu, babu kare ko ɗaya. Mari ɗaya ya ishe ta, kowa ya sani, ita ma ta sani. Amma ga Toron Giwa ya zuba masa ido yana kaɗa kunne, ga maganar da ya yi da bakinsa ko iska ba ta gama kwashewa ba, ga duk daji a zaune a rana ana kallo.

Ya yi gyaran murya. Ya duba sama kamar mai nazarin hadari. Sannan ya tattara jelarsa, ya ja jiki gefe.

Akaza ta kama bakin dardumar da haƙori ta yaye. Babu siminti. Biran da suka shimfiɗa ta ko shara ba su tsaya yi ba. Ga tokar nan a kwance, busasshiya, ta daddanne don nauyin da ke kanta, har da ɗan guntun igiyar akumarin da wuta ba ta cinye ba. Ta san igiyar, ita ta tufka ta.

Ta shinshina. Ta kwanta a hankali ta gefen dama, ta juya, ta sake juyawa. Toka ta tashi ta cika rumfar, ta sauka a kan tuta, ta sauka a gemun Zaki har ya yi atishawa, ba a samu mai cewa Allah ya ja zamani ba. Akaza ba ta ji ba. Tana cewa ƙasa-ƙasa, "Sauke, mai gida. An iso. Sauke."

Da ta miƙe, bayanta ya yi furu-furu. Ba ta kakkaɓe ba. Ta gangara tudun da kanta a sama, gadon bayanta a miƙe, ta bi ta gefen Goho da ke kwance har yanzu yana jiran tafi, ta fita ta ƙofar da ba mai gadi.

Ba wanda ya bi ta da kallo. Duk idon da ke kan benci yana kan wurin da Zaki ya tashi. Ɗan gusawa ne, bai kai tsawon jelarsa ba. Amma zomo ya gani, bushiya ta gani, tsohon kunkuru ma ya fito da kai har wuya ya gani.

Zaki ya ɗaga hannu a ci gaba da kiɗa. Makaɗa ba su motsa ba.

Can a bencin baya, wani kwaɗo da rijiyarsa ta sake ƙafewa tun ɗaukewar ruwa ya miƙe tsaye, ya gyara murya, shi ma yana da magana.